Shagon da baki ke so da wanda ƙafa ke zuwa

A tara mazauna gari a tambaye su irin shagunan da suke son gani a tsakiyar garinsu, amsar da za a ji kusan ɗaya ce. Wannan ya ce kantin littattafai, wancan ya ce gidan burodi mai gasawa a gaban mai saye, wata ta ce mahauci mai tsafta da mai kayan lambu, wani ya ce gidan abincin da mutum zai kai iyalinsa su zauna a natse. Sai silima, sai wurin wasan yara, sai reshen banki, sai kantin da za a samu ƙusa da fenti da kwan fitila. In aka ce to me kuka gaji da shi, nan ma bakinsu ɗaya: shagunan waya sun yi yawa, masu aski sun yi yawa, masu ƙunshe abinci a tafi da shi sun cika titi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, waɗannan da aka gaji da su ɗin su ke biyan haya a kan kari, kuma masu ƙorafin su ne ke shiga cikinsu kowane mako.

Mutane ba ƙarya suke yi ba, da gaske suna son kantin littattafan. Sai dai mai gini ba ya karɓar so a matsayin kuɗin haya. Kafin jerin buƙatun nan ya yi wa kowa amfani, dole a mai da kowane layi a cikinsa lissafi: mutum nawa, sau nawa, nawa ke saura bayan an cire uwar kuɗi, kuma wane irin ɗaki sana'ar ke buƙata.

Tun a 1933 wani Bajamushe masanin labarin ƙasa, Walter Christaller, wanda ya yi nazarin yadda garuruwan kudancin Jamus suka bazu, ya fito da ma'auni biyu da har yau ake aiki da su. Na farko shi ne mafi ƙarancin masu saye da sana'a ke buƙata kafin ta tsaya da ƙafarta. Na biyu shi ne nisan da mutum zai yarda ya yi don ya sayi wannan kaya. Ba wanda zai yi tafiyar awa guda don burodi, amma ana yinta don gado ko zoben aure. Sana'a tana rayuwa ne kawai in mutanen da ke cikin da'irar nisan nan sun kai adadin da take buƙata.

Mu gwada da gidan burodi, da alƙaluman misali kawai. A ce kuɗin da dole ya fita kowane wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, wato haya da albashi da wuta da biyan bashin tanderu, ya kama 18,000, ko wane irin kuɗi ne. A ce kowane mai saye yana barin 10, a ciki 4 na fulawa ne da yis da mai da takardar ƙunshi, 6 ke saura. Raba 18,000 da 6, ciniki 3,000 ke nan a wata kafin a fara maganar riba. In ana buɗewa kwana 26, ana neman mutum 115 a rana. Mai sayen burodi kan dawo kamar sau biyu a mako, don haka gidaje 350 masu zuwa a kai a kai sun wadatar. Ko da gida ɗaya cikin biyar ne ke saye a nan, gari mai gidaje 1,750 zai riƙe shi.

Yanzu kantin littattafai. A ce mai saye yana barin 20, mai kanti kuma yana samun wajen kashi 40 cikin ɗari, wato 8. Kuɗin dole 16,000 a wata, ke nan ciniki 2,000 a wata, 24,000 a shekara. To amma mai sayen littafi in ya leƙo sau huɗu a shekara ya yi ƙoƙari, don haka ana buƙatar mutum 6,000 masu saye. In mutum ɗaya cikin goma ne ke sayen littafi a kanti, sai an samu jama'a 60,000 a kewaye. Ga kuma kwanciyar jari: burodin da aka gasa da asuba ya zama kuɗi kafin rana ta faɗi, littafi kuwa yakan shafe watanni a kan kanta. Wannan ne ya sa a takarda shagunan biyu suke kafaɗa da kafaɗa, amma a titi gidan burodin ne kawai ke samuwa. A Faransa sai da doka ta shigo: dokar 1981 ta ɗora wa mawallafi yanke farashin littafi, ta kuma hana kowane mai sayarwa rage fiye da kashi 5 cikin ɗari, don kada manyan kantuna su karya ƙanana. Inda babu irin wannan kariya, ƙaramin kantin littattafai yakan rayu ne ta hanyar haɗawa da kayan rubutu, da kwangilar makarantu, da teburin shayi a kusurwa.

Sannan ba duk mazauna kewayen ne naka ba, domin babban gari na kusa yana jan nasa rabon. William Reilly, Ba'amurke, ya bayyana wannan a 1931: jan da gari ke yi wa masu saye yana ƙaruwa da yawan jama'arsa, yana kuma raguwa da sauri sosai in nisa ya ƙaru. Daga baya, a 1949, Paul Converse ya mai da shi lissafin gano iyaka. A ce garinku na da mutum 10,000, babban garin na da 90,000, tsakaninku kilomita 20. Ya ninka ku sau 9. Nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 9, wato 3, ƙara 1 ya zama 4, sai ka raba 20 da 4. Kilomita 5 ke nan. Duk wanda ke zaune gaba da nan a kan hanyar, in tufafi ko kayan ɗaki yake nema, ya fi karkata can. Lissafin bai san kyawun hanya ko motar haya ba, balle cinikin intanet, amma yana warkar da mafarkin wanda ya zana da'ira mai faɗi a taswira ya ce duk na ciki masu sayensa ne.

Tambayar "wane shago kake so" ita ce mafi arha, kuma mafi ƙarancin amfani. Wadda ke fito da gaskiya ita ce ta abin da ya riga ya faru. Yaushe rabonka da sayen takalmi? A ina ka saya? Da me ka je, a ƙafa ko a mota? Sau nawa kake sayen nama a wata, kuma a wurin wa? Me ka bar garin nan ka je nema a wani wuri cikin wata uku da suka wuce? Amsar ta ƙarshe ita ce zinariyar, don tana nuna kuɗin da ke zurarewa daga gari, kuɗin da an riga an kashe, ba alkawari ba. In kashi mai yawa na gidaje na fita don gwajin ido ko takalman yara, to akwai gurbi. In kuma an ce ana son kantin kayan kiɗa amma ba wanda ya tuna ranar da ya sayi ko tsirkiya, an samu amsa.

Yawan waɗanda aka tambaya ma yana da ƙa'ida. In an zaɓo su ba tare da son rai ba, mutum 100 na ba da amsa mai kuskuren kusan maki 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, mutum 400 kuma kusan maki 5. Takardar da aka liƙa a Facebook ba ta cika wannan sharaɗi, domin masu lokaci da masu ra'ayi mai zafi ne ke amsawa. Tsofaffi, da masu aikin dare, da iyaye masu ƙananan yara, da matasa 'yan makaranta, sai an bi su inda suke: tashar mota, ƙofar asibiti, bakin makaranta.

Bayan baki sai ƙafa. Ido ya san kima, amma a nan mudu ake so. A tsaya a gaban shagon da ake tunanin kamawa, a ƙirga masu wucewa a ƙafa na minti 15 a kowace awa daga buɗewa zuwa rufewa, a ninka sau huɗu. A yi a ranar aiki, a yi a ranar hutu, a yi a makon da aka biya albashi da makon da aljihu ya bushe. A ƙirga kowane gefen titi daban, domin sau da yawa gefe ɗaya ya ninka ɗaya, saboda inuwa ko tashar mota ko wurin tsallakawa. Sai a tsaya gaban wani shago makamancin naka a ga cikin masu wucewa ɗari nawa ke shiga. In uku ne, gidan burodin nan mai neman mutum 115 yana buƙatar masu wucewa wajen 3,800 a rana, sai dai in yana da masu zuwa takanas. Mutum yakan yi kusan mita 80 a minti guda, mita 400 a minti biyar, kuma akasarin masu sayayya ba sa son wuce wannan daga inda suka sauka. Shagon da ke mita 50 cikin lungu na iya rasa mafi yawan ƙafar da ke babban titi.

In aka bi jerin buƙatun ɗaya bayan ɗaya da wannan ma'auni, suna rabuwa da kansu.

Kantin magani da kantin kayan masarufi su ne ginshiƙi, don suna kawo mutum ɗaya sau da yawa a wata. Kantin magani yana buƙatar mai lasisi a bayan kanta da firij da ke riƙe digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas don irin su insulin da allurar rigakafi, kuma ya fi yin kyau kusa da asibiti. Kantin masarufi ribarsa siririya ce ƙwarai, manyan kantuna sukan ƙare da kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari bayan an cire komai, don haka da yawan ciniki yake rayuwa, kuma in motar kaya ba ta da wurin tsayawa ya shiga uku.

Mahauci da mai kifi da mai kayan lambu su ne aka fi kira, su ne kuma suka fi saurin karyewa, dalili ɗaya: kayansu ba sa jira. Nama na buƙatar ɗakin sanyi ƙasa da digiri 5, daskararre kuma digiri 18 ƙasa da sifili, da daɓe mai magudana, da bango mai wankuwa, da mai kwashe ƙashi da kitse a kan lokaci. Ribar mahauci tana cikin yadda ya iya sayar da dabba gaba ɗayanta. In tsokar da kowa ke so ce kawai ke fita, ragowar ta cinye ribar. Mai kayan lambu kuwa da asarar ruɓewa yake kwana yake tashi. A gari ƙarami ya fi dacewa ukun nan su haɗu a rufi ɗaya su raba haya da kuɗin sanyi, ko su fara da rumfar kwana biyu a mako.

Kantin kayan gyaran gida yana cin jari saboda dubban ƙananan kaya da ba sa fita da sauri, amma yana da abin da intanet ba ta da shi: famfo na zuba yau, ba a jira jibi. Masu ɗorewa a cikinsu su ne masu buɗewa da sassafe don magina da masu gyaran famfo, masu yanka mukulli, masu haɗa launin fenti, masu sayar da ƙusa biyar ba tare da sun ce sai an ɗauki kwali ba.

Tufafi da takalma wani lamari ne daban, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin asara. Riga ƙira ɗaya, girma biyar, launi uku, guda 15 ke nan kafin a ce akwai ko biyu na kowanne. Masu matsakaicin girma su ƙare, manya da ƙanana su yi kwantai, ƙarshen yayi a karyar da su. Ƙari a kan haka, mai neman riga so yake ya kwatanta, don haka inda shaguna biyar suke yake zuwa, ba inda ɗaya yake ba. Harold Hotelling, Ba'amurke masanin tattalin arziki, ya nuna tun 1929 dalilin da ke sa masu gasa biyu su matso tsakiya kusa da juna maimakon su raba titi, kuma a kayan kwatantawa maƙwabcin da ke sayar da irin kayanka taimakonka yake yi. Kantin tufafi ɗaya tilo a gari yakan rayu ne kawai in ya kama wani fanni da ake saye dole, kamar kayan makaranta ko takalman yara da sai an auna ƙafa.

Silima dai mafarki ne mai tsada. Masu rarraba fim suna ɗaukar kusan rabin kuɗin tikiti, ribar gidan kuma mafi yawa daga abin ci da abin sha take fitowa. Gida mai allo ɗaya in ya ɗauki fim bai karɓu ba, ya maƙale da shi har wa'adi ya cika. Abin da ke yiwuwa a ƙaramin gari shi ne zauren taro da na'urar haska fim da izinin nunawa, sau ɗaya ko biyu a mako. Reshen banki ma ba ya dawowa don an yi kuka, tunda mafi yawan hulɗa ta koma waya. Abin da aka gwada a Birtaniya daga 2021, da farko a garuruwan Cambuslang da Rochford, shi ne ɗaki ɗaya na haɗin gwiwa: gidan waya na riƙe kantar ajiya da cire kuɗi kullum, bankuna kuma na karɓa-karɓa, kowanne da ranarsa. Ga mai shago, samun inda zai ajiye cinikin rana ya kuma samu canji ya fi tambarin banki muhimmanci.

Gidan abinci lissafinsa kujeru ne. Kowace kujera na cin kusan murabba'in mita 1.2 zuwa 1.5, kicin da ma'aji kuma su ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗakin. Kuɗin cefane yakan cinye kusan sulusin ciniki, albashi ma haka, abin da ya rage shi zai biya haya da wuta da gyara. Kujera 30 da ke cika dare biyu a mako kawai ba za ta riƙe ma'aikata na kwana shida ba. Masu cewa suna son gidan abinci mai kyau galibi na ranar murna suke nufi, sau uku ko huɗu a shekara, shi kuwa mai gidan yana neman wanda zai zo tsakar mako da rana tsaka.

Su kuma shagunan aski da gyaran waya da likitan haƙori da mai tabarau da wurin motsa jiki, dalilin yawansu a fili yake. Ba a aiko da aski a kwali. Jarinsu na kaya kaɗan ne, mai zuwa yana dawowa a kan lokaci, kuma ƙaramin ɗaki ya ishi yawancinsu. A ganina raina su kuskure ne, domin wanda ya zo aski ko gyaran waya yana da minti talatin na jira, kuma wannan minti talatin ɗin shi ne cinikin mai shayi na kusa.

Ko an samu masu saye, ɗakin kansa na iya kashe sana'ar. Yawancin shagunan da ke rufe an gina su ne don ajiye kaya a kan kanta, ba don girki ko sanyi ba. Kafin a sa hannu a takardar haya, a duba ƙarfin wutar lantarki, domin tanderun gidan burodi da manyan injinan sanyi galibi suna buƙatar wuta mai layi uku, kuma jawo ta na iya cin watanni. A duba ko akwai hanyar da bututun hayaƙi zai bi ya fita sama da rufi ba tare da ya busa wa mazauna bene ba, don ƙorafin wari da ƙara na cikin abubuwan da ke sa hukuma ta hana izini. A duba magudana da akwatin tare maiƙo, in ba haka ba kitse ya daskare a bututu ya toshe na maƙwabta. A duba ƙofar baya da inda za a ajiye shara. A duba dokin ƙofa: matakala mai tsayin santimita 15 tana buƙatar gangare mai tsawon mita 1.8 in an bi ƙa'idar da ta ce tsawon gangare ya ninka tsayin matakala sau goma sha biyu, kuma ƙofa ta kai faɗin santimita 80 zuwa 90 don keken marasa lafiya da na jarirai. A kuma tabbatar hukumar gari ta yarda a yi irin wannan sana'a a ginin, tunda izinin kanti ba lallai ya haɗa da girki ba. Kuɗin gyara da wata shida na kuɗin dole a ajiye su ne jarin gaske. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma shagon da ya kashe komai a fenti da fitilu yakan rufe kafin mutane su saba da shi.

Girman ɗaki ma na yaudara. Babban kanti da ya tashi ya bar murabba'in mita 600 ba abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai yi da shi, alhali in aka raba shi gida shida masu ƙofa a titi, zai samu masu nema. Jan Gehl, ɗan Denmak masanin tsara birane, ya auna titin da ke da rai da yawan ƙofofinsa: 15 zuwa 20 a kowane mita 100. Dogon bango marar ƙofa, ko shaguna uku a jere da aka rufe, suna sa mai tafiya ya ga kamar kasuwa ta ƙare ya juya. Masu gina manyan cibiyoyin sayayya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke sa manyan kantuna a ƙarshe da ƙarshe, ƙanana a tsakani, don ƙafa ta ratsa su. A tsakiyar gari, abin da ke jan jama'a ba lallai kanti ba ne. Asibiti ne, ɗakin karatu ne, gidan waya ne, tashar mota ce. Hukumar da ta kwashe ofisoshinta zuwa bayan gari, sannan ta dawo tana tambayar me ya kashe tsakiyar gari, ita ta san amsa.

Akwai wani mutum da ba a cika gayyata taron ba, alhali mukulli na hannunsa: mai ginin. Mutane na mamakin yadda shago zai shekara biyu a rufe kuma mai shi ya ƙi rage haya. Dalilin shi ne darajar gini ana auna ta da hayar da aka rubuta, kuma sau da yawa an ci bashin banki a kan wannan daraja. Rage haya a takarda na rage kimar ginin, rufe shi kuwa ba ya ragewa nan take. Don haka abin nema a wurinsa ba koyaushe ragi ba ne. A nemi wata uku zuwa shida ba haya a farko don gyara. A nemi haya mai hawa a hankali, ko ƙaramar haya da wani kashi na ciniki. A nemi damar fita bayan shekara ɗaya ko biyu ba tare da tara ba. 'Yan kasuwa da yawa na riƙe da ƙa'idar cewa haya da harajin gini in sun wuce kashi 10 cikin ɗari na ciniki an fara shiga haɗari, ko da yake mai ribar kauri kamar mai aski ya fi mai kayan masarufi jurewa.

Garuruwa sun gwada hanyoyi daban-daban a kan wannan. A Newcastle ta Ostireliya, daga 2008, shirin Renew Newcastle ya riƙa aron shagunan da ba kowa yana ba masu sana'ar hannu a kan izinin kwana 30 da ake sabuntawa, yadda mai gini zai iya karɓar abinsa da zarar ya samu ɗan haya. A Faris, daga 2004, kamfanin Semaest na hukumar birni ya riƙa sayen shagunan ƙasan bene a unguwannin da sana'a ɗaya ta mamaye, yana ba da hayarsu ga irin sana'o'in da suka ɓace, har da kantunan littattafai. A Ingila, daga ƙarshen 2024, ƙananan hukumomi sun samu ikon yin gwanjon hayar shagon da ya wuce shekara guda a rufe cikin shekara biyu. A Toronto ta Kanada kuwa, tun 1970 'yan kasuwar Bloor West Village suka fara tsarin da kowane mai kasuwanci a yankin ke biyan ɗan ƙarin haraji da ake kashewa a fitilu da tsafta da kwalliyar titin, don kada wasu su biya wasu su ci a banza. Babu ɗaya a cikinsu da ke ƙirƙiro masu saye. Abin da suke yi shi ne rage adadin da shago ke buƙata kafin ya tsaya.

Maganar mota ita ke raba kan taro. Masu shaguna sukan ɗauka kusan duk masu sayensu a mota suke zuwa, don haka a tambayi masu shiga na mako guda kafin a yi gardama. Mota ɗaya na cin murabba'in mita 25 zuwa 30 in aka haɗa da hanyar shiga, kusan girman ƙaramin shago. Matsalar kuma sau da yawa ba ƙarancin wuri ba ce, daɗewa ce: mai shago da yaransa su ajiye motocinsu a bakin ƙofa daga safe har dare. Wurin da mota ɗaya ta riƙe awa tara zai iya karɓar masu saye goma sha takwas in iyakar tsayuwa rabin awa ce. Donald Shoup na Jami'ar Kalifoniya ya ba da ma'auni mai sauƙi: a daidaita kuɗi ko lokaci yadda wuraren za su cika kusan kashi 85 cikin ɗari, a bar gurbi ɗaya ko biyu a kowane layi. Hana mota shiga titi gaba ɗaya kuma ba magani ba ne na kowa. Titin Strøget na Kofanhagen, babban birnin Denmark, ya karɓu tun da aka mai da shi na masu ƙafa a 1962, domin jama'a na zaune suna aiki a kewayensa. Kalamazoo ta Amurka ta yi haka a 1959, amma a 1998 ta sake buɗe wani sashe ga motoci. In ba mazauna da ma'aikata a cikin tafiyar minti goma, titin da aka share wa motoci shiru yake komawa. Benayen da ke saman shaguna da aka bari ba kowa, in aka mai da su gidajen zama, sun fi duk wani biki na shekara-shekara kawo ciniki.

Lokacin buɗewa ma na cikin abin dubawa. Shagon da ke buɗewa ƙarfe tara ya rufe ƙarfe biyar ya zaɓi awoyin da masu albashi ke wurin aiki. Shago ɗaya in ya tsawaita shi kaɗai ba zai ga bambanci ba, sai an haɗu goma ko fiye a rana ɗaya a mako, an kuma jure wata uku kafin mutane su riƙe ranar.

Duk sana'ar da lissafinta ya tsaya a kan iyaka, a gwada ta kafin a ɗaure kai da haya. Rumfa, ko kanta a cikin shagon wani, ko ɗaki na wucin gadi, na mako goma sha biyu, a rana ɗaya da awa ɗaya kowane mako. A rubuta abu huɗu kullum: mutum nawa suka saya, nawa kowanne ya kashe, nawa aka zubar ko ya yi kwantai, da nawa ne a cikinsu suka taɓa zuwa a baya. Mako biyun farko a ajiye su gefe, na 'yan kallo ne da abokan arziki. Daga mako na shida ake duba yawan masu dawowa, sai a ɗora wannan adadi a kan lissafin kuɗin dole na shagon da ake son kamawa, a ga ko ya kai.